Bindigar Malama Mirta

Laureles, 10 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga mahaifina, Don Anselmo Techera,

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wasiƙar nan ta same ka cikin sauƙi, hannun kuma yana ƙara motsi. Ka gaishe da Yaya Heber da iyalinsa. Mu nan lafiya muke, ni da Gwaggo Zulma. An yi ruwa sosai, ciyawa ta yi kyau, tumaki sun yi ɓul-ɓul, waɗanda suka rage ke nan.

Ba zan ɓoye maka ba. Tun da aka kai ka Paysandú jinya, sau uku ana yanka mana shingen waya. Tumaki tara suka tafi. Ranar Talata na fito da safe na tarar da karenmu Tordo a bakin rijiya, kumfa a bakinsa. Nama mai guba aka jefo masa. Ni na haƙa ramin da kaina, ban kira kowa ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Makon jiya, da rana tsaka, wasu mutum uku suka shiga gidan tsoho Fagúndez, suka ɗaure shi da matarsa a kan kujeru, suka kwashe abin da suke so. Sai washegari mai kawo burodi ya kwance su. Har yau matar ba ta magana sosai. Daga gidansu zuwa namu ka san tafiyar rabin awa ce a kan doki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san sauran.

Na je ofishin 'yan sanda na cike takardun neman lasisi, likita ma ya duba ni ya sa hannu. Bindiga zan saya. Ba izini nake nema ba, Baba, shekarata arba'in da shida, na yi ashirin ina tsaye gaban allo da 'ya'yan mutane, na binne miji. Shawara nake nema. Duk ƙasar nan an san ba wanda ya fi ka sanin bindiga, ko da yake ban taɓa ganin ka ajiye ta a gida ba. Ka koya wa Yaya Heber a gonar ubangidanka, ni kuwa ka ce in je in taya Mama wanke kwanoni. Ban manta ba, amma ba shi ya sa na rubuto ba. Wace iri zan saya? Yaya ake zama da ita a gida ɗaya da tsohuwa mai shekara tamanin?

In Yaya zai sake kawo maganar sayar da gonar, ka ce masa ya huta da bakinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka mai biyayya,
Mirta

Paysandú, 24 ga Afrilu, 1994

Mirta,

Na gaishe ki, na gaishe da Zulma. Heber ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma ce masa in ya canza kalma ɗaya sai na sani. Na ji labarin Tordo. Karen kirki ne.

Biyayyar da kika sa hannu da ita ban gan ta a cikin wasiƙar ba, amma bari. Tunda kin riga kin yanke, saurara.

Kafin bindiga, gyara ƙofa. Ƙofar kicin ɗin nan ko rago ya tunkuye ta za ta buɗe. Sa mata sakata biyu ta ƙarfe. Samo karnuka biyu, ki koya musu kada su ci abin da ba daga hannunki ya fito ba. Ki sa a haɗa miki oba-oba irin ta Fagúndez, wadda ke kaiwa har ofishin 'yan sanda.

Kada ki sayi libarba. Mai shago zai nuna miki ita don tana ƙyalli. Ƙaramar bindiga sai mai dogon sabo, a hannun sabon shiga ko bango ba ta samu, sai abin da ba a nufa ba. Sayi doguwa mai baki biyu, lamba ashirin. Lamba sha biyu za ta jefar da ke ƙasa. Mai baki biyu ba ta da munafunci, kina karya ta kin ga abin da ke cikinta. Ki ɗora ta a kafaɗa tun a shagon. In sai kin miƙe wuya kafin ki ga bakinta, ta yi miki tsawo, a rage gindin.

Kowace bindiga a ɗure take, ko da ke kika zare harsashin da hannunki minti ɗaya da ya wuce. Kada bakinta ya kalli abin da ba ki shirya rasawa ba. Yatsa ba ya taɓa kunama sai lokacin harbi. Kuma ki san abin da ke bayan abin da kike auna. Bangon ɗakin Zulma katako ne, harsashi ba ya neman izini kafin ya ratsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je gaɓar rafi inda tudun ƙasa yake, ki jera gwangwanaye a gindinsa, ki toshe kunne da auduga. Duk Lahadi. Ki koyi ɗurawa da zarewa har hannunki ya iya ba tare da kanki ba. Bayan nan ki goge ta, ki kulle ta a kabad, harsasai a wani wurin daban, makulli a wuyanki. 'Ya'yan Heber suna zuwa hutu, kuma kin san hannunsu. Ba a ba da aronta. Ba a yi mata kirari a kanti.

Na gaji. Sauran sai wani jiƙon.

Ubanki,
Anselmo

Ƙanwata, ni ne Heber. Ban canza masa ko ɗigo ba, amma bari in sa nawa. Ke da ko kaza sai kin rufe ido kike yankawa? Malama, alli daban, harsashi daban. Kamfanin dashen itatuwan nan har yanzu yana son gonar. Ki tattaro Gwaggo ku dawo gari ku zauna kamar mutane. Matata tana gaishe ki.

Laureles, 29 ga Mayu, 1994

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin wasiƙarka fiye da yadda zan iya faɗa. Rabon da ka yi mini magana mai tsawo haka tun ranar aurena.

Lasisi ya fito, na je Tacuarembó na sayo ta. Yadda ka faɗa haka aka yi. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ta maigida ce?" Na ce, "Ta mai gidan ce, ga ta a gabanka." Sai ya zaro wata 'yar libarba mai farin hannu, wai ita ce daidai da mata, tana shiga jaka. Na ce masa ba biki zan je da ita ba, ya sauko mini da mai baki biyu, lamba ashirin. Ya miƙo mini ita bakinta na kallon cikina. Na kauce, na karɓa, na karya ta na leƙa, sannan na ce, "Haka kuke miƙa wa mutane?" Wasu makiyaya biyu da ke jingine a wurin suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "'Yar wa ce wannan?" Na ce, "'Yar Anselmo Techera." Ya cire hularsa. Da ka ga yadda na fito daga shagon nan, Baba, ƙasa ma da kyar take ɗaukata.

Lahadin farko na sha kashi. Ban matse gindin a kafaɗa ba, ta haure ni kamar alfadari, kwana huɗu ban iya ɗaga buta ba. Gwangwanaye shida na jera, shida suka kwana lafiya. Lahadi ta biyu na sami ɗaya. Yau na sami biyar. Ka gaya wa Yaya ban rufe ido ba.

Ƙofa ta sami sakata biyu. Oba-oba tana kan teburin ɗakin Gwaggo, ta kuma mayar da ita abin hira. Ka san kunnenta, Baba, in tana magana har tumaki sai sun ɗago kai. Shekaranjiya na ji ta tana tambayar sajan ko uwarsa ta warke daga ciwon ƙafa. Karnuka biyu na samu, amma ƙanana ne tukuna, ba abin da suke kora sai kaji.

Akwai wata magana. Ina goge bindigar a kicin, Gwaggo tana shan mate, shayin ganyen nan namu, tana kallona, sai ta ce, "Haka yake riƙe ta. Ko karkata kan iri ɗaya." Can ta ce, "Ki tambaye shi abin da ya sa ya bar Guichón." Na ce ai aiki ne ya kawo ku nan. Ta ce, "To, aiki." Daga nan ta koma kurma gaba ɗaya, duk tambayar da na yi sai ta ce ruwan ya huce.

Me ya faru a Guichón?

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Mirta

Paysandú, 12 ga Yuni, 1994

Mirta,

Na gaishe ku. Biyar cikin shida ba laifi. Kada ya hau miki kai, gwangwani ba ya tafiya, ba ya kuma kuka.

Zulma ta tsufa, bakinta ya fi ƙarfinta. Ki bar wannan maganar.

Ga sauran abin da ban faɗa ba, kuma ya fi duk na baya. Bindigar nan ta bakin ƙofa ce, ba ta garke ba. In kin ji su a wajen tumaki, kada ki fita. Ko duka za su kwashe, kada ki fita. Ki sa Zulma a ɗakin da ke da bangon dutse, ki kulle, ki kira 'yan sanda, ki tsaya inda kike ganin ƙofa ba tare da ƙofa ta gan ki ba. Ba a harbin inuwa, ba a harbin motsi, ba a harbin bayan mutum. Ba a harbin sama don tsoratarwa, harsashin da ya hau sai ya sauko, ke kuma kin rage saura ɗaya. Ki yi magana da ƙarfi, ki gaya masa kina da bindiga, ki bar masa hanyar gudu. Wanda ya juya ya tafi, Allah ya raka taki gona. Wanda ya karya ƙofa ya shigo bayan ya ji ki, wannan shi ya zaɓa.

Tunkiya tana haihuwa duk shekara. Ki riƙe wannan.

Ubanki,
Anselmo

Laureles, 19 ga Yuli, 1994

Baba,

Ina gaishe ka. Kafin komai, lafiyarmu ƙalau, ni da Gwaggo, ko ƙwarzane babu. Na san labari zai riga wasiƙar nan isa, shi ya sa nake so ka ji daga bakina.

Ranar Lahadi aka yi tseren dawaki a ƙauye, duk mazan yankin nan suna can. Su ma sun san da haka. Wajen sha biyun rana ina yanka kabewa, sai ƙananan karnukan suka fara haushi. Na leƙa ta tagar kicin na ga wata shuɗiyar motar ɗaukar kaya ta shigo ta ƙofar ƙasa, ta nufi garke. Mutum uku, fuskokinsu a ɗaure da ƙyalle.

Na tura Gwaggo a kan keken guragunta zuwa ɗakin ajiya mai bangon dutse, na kai mata oba-oba, na kira. Sajan ya ce motarsu tana wajen tseren, sai sun yi awa ɗaya. Na sa sakata biyun, na buɗe kabad, na ɗura. Hannuna shi ya yi aikinsa, kaina kuwa kamar an zuba ƙudan zuma.

Na tsaya gefen taga ina kallo suna loda tumakina. Masu ciki suka zaɓa, waɗanda za su haihu a watan gobe. Ashirin da uku. Sannan suka kamo babban ragon nan da ka zaɓa da kanka kafin ka kwanta, suka ja shi ta ƙaho yana tirjewa. Baba, tsakanina da su bai fi nisan gwangwanayena ba. Na ga bayan mai jan ragon sarai, faɗinsa ya yi gwangwani ashirin. Wani abu ya taso mini daga ciki har maƙogwaro, ban taɓa sanin ina da shi ba. Ina so in harbe shi. Ba tsoro ba ne, so nake. Na dubi yatsana na ga ya shiga wajen kunama ban aike shi ba. Na zare shi, na sauke bakin bindigar ƙasa, na bar tagar, na koma lungun da ke kallon ƙofa.

Can na ji takun mutum a kan dakali. Ya murɗa ƙofa, ya ji ta a kulle, ya sa ƙarfe ya fara ɓanɓara. Na ɗaga murya irin wadda nake yi in aji ya rikice.

"Akwai mutum a ciki. Ina da bindiga, a ɗure take, kuma na kira 'yan sanda. Kun ɗebi tumaki, ku tafi. Wanda ya ƙetaro ƙofar nan zan harbe shi."

Ya yi dariya ya ce, "Ha-ha-haba tsohuwa, bu-buɗe mu sha ruwa."

In'inar nan na san ta. Shekara huɗu ina zama da mai ita bayan an tashi makaranta, ina sa shi karanta layi ɗaya sau goma.

Na ce, "Wilmar Duarte. Ɗan Doña Blanca mai wanki."

Ƙarfen ya tsaya. Ina jin kukan tumakin a cikin mota.

"Ma-malama Mirta?"

"Ni ce. Ajiye ƙarfen nan."

Na ji ƙarfen ya faɗi a kan dakali. A makarantar Cañas na koyar da shi, bai san nan ne gidanmu ba. Amma ban sauke bindigar ba, domin na gane na yi ganganci. Tunda na ambaci suna, na zama shaida. Babbansu ma ya gane. Na ji ya hawo yana cewa, "Ta san ka? Kauce, jaki." Ta tsagar da ƙarfen ya yi na hango libarba a hannunsa. Na ɗora a kafaɗa, na matse, na ɗana baki biyun. Ka san ƙarar, ƙas, ƙas. Ta fita kamar an karya itace. Na ce, "Kai mai libarba, ina ganinka, kai ba ka ganina. Hanya tana bayanka."

Sai ga muryar Gwaggo daga ɗakin ajiya, tana yi wa oba-oba ihu yadda ta saba: "Shuɗiyar mota ce, sajan! Ƙofar bayanta fara! Ku tare gadar, kada ku biyo ta nan, ku tare gadar!" Ina jin har Brazil an ji ta.

Wilmar ya ce, "Mu ta-tafi." Mutumin ya zage shi. Wilmar ya sake cewa, wannan karon ko in'ina babu, "Na ce mu tafi." Ya tsaya da jikinsa a tsagar, har na daina ganin libarbar. Ban san ko minti nawa aka yi ba. Sannan takunsu ya sauka, mota ta tashi.

Sai da ƙararta ta ɓace na karya bindigar, na zare harsasan biyu, na fita bayan gida na yi amai. Da na dawo Gwaggo ta ce, "To, sai a ɗora ruwa."

Ba a tare su a gadar ba, sun bi ta wata hanyar. Amma na ba da sunan, kuma jiya aka kama biyu. Tumaki takwas kawai aka samu da rai. Ragon ba ya ciki.

A kanti kuwa na zama abin hira. Don Eleuterio, wanda ke can yana caca a kan doki lokacin da abin ya faru, ya ce a gaban jama'a, "Malama, in ba kya amfani da sandar nan taki, ki ba matata ta riƙa shanya a kai." Aka yi dariya. Na sayi gishirina na fito. Amma maganar ta ci ni.

Ka gaya mini gaskiya, Baba. Na yi daidai?

'Yarka,
Mirta

Paysandú, 26 ga Yuli, 1994

Ƙanwata Mirta,

Gaisuwa. Mun gode wa Allah da kuka tsira. Kwana biyu ban ci abinci ba, ki tambayi matata.

Amma ki bari in faɗa. Wata biyu kina harbin gwangwani, ranar da aka zo kuma kika tsaya kina kiran sunayen 'yan aji. Ko tayar motar ai kya fasa. Ragon Baba ya tafi a kan idonki. To mene ne amfanin? Ni ban ce ki kashe mutum ba, amma gonar nan ta fi ƙarfin mace ɗaya da tsohuwa, yanzu kowa ya gani.

Na karanta wa Baba wasiƙarki. Ya saurara har ƙarshe. Ya sa na maimaita masa inda kika ce kin bar tagar sau biyu, sannan ya ce in ba shi takarda da biro in fita in ja ƙofa. Yau kwana uku yana fama da hannun hagu, ya hana kowa gani. Ban san me yake rubuta miki ba. In faɗa ne, ki yi haƙuri da shi, jikinsa ba ƙwari.

Yayanki,
Heber

Paysandú, 29 ga Yuli, 1994

'Yata,

Na gaishe ki. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da tafiyar kaza. Wannan ba ta bakin Heber ba ce.

Kin tambaye ni Guichón. A 1949 ina ɗan shekara ashirin da tara, ni ne mai kula da garken wata babbar gona a can. Kina goye. A lokacin in an jefa kwalba sama ba ta dawowa ƙasa da rai, kuma ina son a san haka. Wata ranar Asabar da hantsi na tarar da mutum a bakin rafi yana feɗe tunkiyar ubangidana. Tunkiya ɗaya. Ya gan ni, ya yar da wuƙar, ya ruga. Na ce ya tsaya, bai tsaya ba. Abin nan da kika ce ya taso miki har maƙogwaro, na san shi. Ni ban zare yatsana ba.

Sunansa Cipriano Lemos. Mai askin tumaki ne, aiki ya yanke masa. A gadon baya na same shi. Ya yi kusan awa ɗaya kafin ya cika, kansa a kan cinyata, yana ta ce mini kada in bar naman ya lalace, a kai gidansa.

Na yi wata huɗu a tsare. Lauyan ubangidana ya ce da wuƙa ya zo mini, ni kuma ban ce a'a ba. Da na fito aka yanka saniya, maza suna buga mini kafaɗa, irin su Eleuterio, kowane gari yana da nasa. A bakin kotu na ga matarsa riƙe da yarinya 'yar shekara biyar, sunanta Amabilia. Yarinyar ta dube ni. Uwarki ta ce ko mu bar garin ko ta bar ni. Muka taso. Tun ranar ban ƙara ajiye bindiga inda nake kwana ba.

Kin ce na koya wa Heber na hana ki. Haka ne. Kin ɗauka don ke mace ce. Heber na koya masa don na san ba abin da zai harba ya samu, kuma zuciyar uwarku gare shi, sanyi. Ke kuwa kina 'yar shekara bakwai kika jefi ɗan maƙwabta da dutse daga tsallaken rafi don ya doki karenki, kika same shi a goshi, kika tsaya kina kallonsa ba ki yi kuka ba. Idona gare ki, zuciyata gare ki. Na ji tsoro.

Kin tambaya ko kin yi daidai. Kiran sunan ganganci ne, ke ma kin faɗa, kada ki ƙara. Sauran kuwa, na yi shekara arba'in da biyar ina tunanin yadda ya kamata mutum ya yi a irin wannan minti, ban taɓa ganin wanda ya yi ba sai ke. Duk wanda ya iya lanƙwasa yatsa ya iya harbi. Kin ga bayansa, kina so, kin iya, kika bar tagar. Kika tsare ƙofarki, kika fitar da Zulma da rai, uwar yaron nan kuma za ta kai masa abinci gidan yari maimakon furanni maƙabarta. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni dai tawa ta wuce ni, kuma ina so a sani.

Na gaya wa Heber a bar maganar kamfani. Gonar tana da mai ita. Rago kuma a samo wani wajen Fagúndez, jinin ɗaya ne.

Ban taɓa neman yarinyar nan ba. Sau da yawa na yi niyya. Ban sani ba ko tana raye.

Allah ya yi miki albarka.

Ubanki,
Anselmo Techera

Laureles, 21 ga Agusta, 1994

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta, na kuma karanta wa Gwaggo da ƙarfi. Ta ji kowace kalma.

Na je kotu na ba da shaida. Na faɗi abin da Wilmar ya yi da ƙarfe, na kuma faɗi inda ya tsaya da jikinsa. Alƙali ya rubuta duka biyun. Tumaki sun fara haihuwa, jiya uku.

Na rubuta wa wata abokiyar aikina da ke koyarwa a Guichón. Amabilia Lemos tana raye. Ɗinki take yi a bayan tashar jirgin ƙasa, tana da jikoki biyu. Ba a gaya mata komai ba, maganar taka ce.

Matar Fagúndez za ta zauna da Gwaggo, ɗansu zai duba garke. Zan shigo motar Juma'a in ɗauke ka mu je Guichón. Ka sa a goge maka baƙar rigarka, Yaya ya haɗa maka kayanka duka, don daga can gida za mu wuce. In ka ga ba za ka iya ba, ba wanda zai ji daga bakina. In za ka iya, zan riƙe maka hannu har bakin ƙofar Amabilia. Ba zan shiga ba, amma ina nan a waje har ka fito.

Sai na zo.

'Yarka,
Mirta Techera